Furen Banza

Ran Juma'a Tsahara ta dawo daga lakwal
rungume da akwatin katako kamar jinjiri.
Mushe Nomau ne ya ba ta aro, ta ce,
zuwa Litinin, in ya fashe mu biya.
Na ce mene ne ciki?
Ta ce ido ne, Baba, wanda ya fi naka.

Ba ya shan kuran, rana yake ci.
Da hantsin Asabar ta kife turmi tsakar gida,
ta aza shi, ta karkata ɗan madubin gindinsa
har ya kamo hasken Maraɗi ya tura ciki.

Gishiri aka fara.
Uwarta ta rufe ido ɗaya, ta leƙa, ta ja da baya:
Wa ya yanka su haka, kusurwa huɗu-huɗu?
Shekara nawa ina zuba tubali a miya ban sani ba!
Bakin allurarta da take taƙama da shi
ya fito dakushe, sai ka ce taɓarya.
Zaren zanenta ya koma igiyar guga.
Fatar albasa kuwa unguwa ce guda,
ɗaki jikin ɗaki, katanga jikin katanga,
kamar Bagalam in ka hau soro.

In ka tura abu dama sai ya gudu hagu.
Lawali ya ce na'urar ta yi halin akuyarmu.

Da aka ɗigo ruwan randa, Inna Gwamma ta ƙi.
Ku bar ni in sha ruwana lafiya, ta ce,
abin da ido bai gani ba, ciki bai ƙi ba.
Ta ɗauki tabarmarta ta koma inuwa.

Ni ina gefe ina gyaran bututun feshi.
A aljihuna akwai furen kabewa biyu
da na tsinko a garkata, bakin gulbi,
irin mai dogon wuya, wanda ba ya ɗa,
ya buɗe da safe, ya yi laushi da azahar, ya faɗi.
Furen banza nake ce masa.
Shekara talatin ina tsinke shi da haushi
don kada ya sha wa uwa ruwa.

Tsahara ta ce kawo.
Ta kaɗa shi bisa ɗan gilashi,
wani gari rawaya ya zuba, bai kai a shafa a ido ba.
Ta murɗa, ta murɗa, ta ce zo.

Na durƙusa gaban turmi kamar mai neman gafara.
Da fari duhu, sai gashin idona,
sannan suka fito:
ƙwallaye na zinariya, kowane da ƙayarsa,
kamar ƙarangiya ta yi arziki,
wasu su kaɗai, wasu sun rungumi juna.
Na ƙirga goma sha bakwai, na ɓace.

Ƙayar ta kama ƙafar zuma ce, in ji ta.
Zuma ta kai wa furen mai ɗan tulu a gindi.
In babu wannan, Baba, babu kabewa,
ko ɗaya, ko ta miyar sadaka.

Ban ce komai ba.
Na tuna damina uku da 'ya'yan ke ruɓewa tun suna ƙwai,
na zagi iri, na zagi taki, na zagi mai sayar da su.
Na tuna zumar da nake tararwa kwance a kunya
duk safiyar da na yi feshi.

Gwiwata ta yi sanyi, ban tashi ba,
har inuwar bedi ta cinye madubin
zinariyar ta mutu.

Litinin ta mai da akwatin, bai fashe ba.
Ni na sauka gulbi tun da asuba,
bututu na rataye a gida.
Sun buɗe, masu dogon wuyan, sun fi arba'in.
Hannuna ya miƙa don sabo.
Na mai da shi aljihu,
na tsaya ina jiran wadda za ta fara zuwa.